Takin Hukuma

Tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato wata tankar gas ta kife a hanyar Argungu, man ya jiƙe ƙasa sharkaf. Ƙaramar hukuma ta kwashe ƙasar da tifa ta jibge a wani fili bayan Birnin Kebbi, anka ɗauke ni cikin masu juya ta. Injiniya Usmanu ne ya koya muna aikin: a gauraya ta da kashin shanu da buntun shinkafa, a yayyafa ruwa, a yi ta juyi da shebur har man ya mutu. Ya ce kafin nan duk gonar da ta sha ta, mai ita ya nemi wata.

To, ƙasar nan da ta sha kashin shanu sai ta yi baƙi wuluk, ta yi laushi, warin taki ya danne na mai. Mu kuwa nan juji ba shi da mai shi, kowa na iya cika mangalar jakinsa ya wuce, ba mai ce masa kanzil. Anka sa mai shela ya zagaya kasuwa da gargaɗi, shi kuma sarkin surutu ya ce hukuma ta hana a taɓa takinta. Takinta!

Tsibin ya fara zaizayewa. Duk Juma'a in munka dawo masallaci sai mu tarar da sawun jakai. Ni tsorona guda ne, fadamar da mahaifinmu ya bari a Zauro, wadda yayana Kalilu ke nomawa, ita ke ci da gidansa da nawa. Kalilu kuwa taurin kai kamar ganda, kuma ba ya ganin banza ya ƙyale. Na same shi na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi dariya, wai shi da ya tsufa cikin laka ni zan koya wa ƙasa. Na dai nace har ya rantse ba zai kai ko kwando guda ba. Ba ya rantsuwa kan ƙarya, sai na ɗan samu barci.

Damina ta kankama, anka ce gulbi ya fara tasowa. Na hau keke na nufi Zauro. Na tarar da Kalilu tsaye bakin gonarmu, ya nuna mini ita da haɓa, yana jira in ba shi haƙuri. Gaskiyarsa, ba ɗigon baƙi a cikinta. Sai na ɗaga kai. Gonakin da ke sama da tamu, ta inda ruwa ke gangarowa, baƙi ƙirin suke, kowace an shimfiɗe ta da takin hukuma.

Ruwan ya riga ya ratso su. Muna tsaye ya shigo gonarmu a hankali, samansa na ƙyalli kamar romon da ya sha man gyaɗa. Kalilu ya durƙusa ya tsoma hannu, ya shinshina, ya daɗe bai tashi ba.

Na ce, "Yaya, irin shinkafar dai kada ka zuba bana."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Atiku, yana ƙasa tun ruwan fari. Ko tiya ban rage ba."