Rufe Littafin, In Ji Vivian

…to ina ta bakwai ta shiga? Jijiyoyin kai goma sha biyu ne, jiya da la'asar na jero su tsaf a cikin keke, tun daga Old Maiduguri har bakin makaranta. Yanzu ga takardar jarrabawa, ga biro, shida kawai nake gani.

Karo na uku ke nan. In na sake faɗuwa, ni da aikin jinya sai dai hange daga nesa.

Vivian, ke kika ja mini. Da can ina karatuna lafiya lau — in karanta, in ja layi da jan biro, in sake karantawa har shafin ya zama kamar fuskar 'yar'uwata. Kika ce ganin sani daban, sani daban. Wai an gwada a kan ɗalibai masu yawa. "Rufe littafin, Ammatullahi, faɗa mini abin da ke ciki." Na buɗe baki… ba komai. A gabanki, 'yar ajinmu, wadda na girma da shekara huɗu.

Sai kuma ki ce in bar shi kwana uku, sai na fara mantawa in dawo. In manta da gangan? Wane irin karatu ne wannan? Wata biyu kullum ina jin kaina daƙiƙiya. Da tsohuwar hanyata aƙalla hankalina kwance yake — amma ai da kwanciyar hankalin na faɗi sau biyu, ko ba haka ba?

Fankar nan ƙara kawai take yi. Na kusa da ni har ya juya shafi.

Na tuno Ya Kellu, mai koya mini hadda ina yarinya, a kan tabarma, Alƙur'ani a cinyarta, ni a durƙushe hannu wayam. Ba ta taɓa bari in leƙa ba. In na kakare sai ta bar ni da zufata har ayar ta zo da kanta. Ranar Asabar kuma ta mai da ni surar da na wuce tun watan jiya. To ita wa ya gwada mata? Ba ta ko shiga boko ba…

Dakata. Fuska. Mai motsa fuska — murmushi, hawaye, ɗanɗano a gaban harshe. Ita ce ta bakwai? Ko ta biyar nake ba wa aikin wata?

Hannuna ya riga ya rubuta. Ban san yaushe ba. Malamin da ke tsaronmu ya ce saura minti ashirin, ni kuma ina kallon rubutun nan kamar na wata, na kasa soke shi, na kasa yarda da shi…