Irin da Ke Rataye a Rumbu

Masarar ta ƙi tashi tare. Wata ta wuce kan mutum, ta kusa da ita ko gwiwa ba ta kai ba. Inna ta ɓare zangarniya ɗaya, ta ga ƙwayoyin jefi-jefi kamar haƙoran tsohuwa.

Tsallaken wayar shinge kuwa, gonar kamfani ce shimfiɗe iya ganin ido, kowane kara daidai da ɗan'uwansa.

Daga can ƙaninta, direban tarakta, ya kawo musu tsarabar masara bara, kowace zangarniya kamar damtse. Inna ba ta iya ganin abu mai kyau ta kau da kai. Da shuka ta zo maigidanta yana kwance da ciwon ƙafa, sai ta shuke gonar kaf da masarar kamfani. Tsohon irinsu, wanda maigidan ya gada daga mahaifinsa yake zaɓa duk kaka ya rataye a rumbu, ta ga ƙanana ne, ta kai inji aka niƙa. Ba ta gaya wa kowa ba. So take ya ga amfanin da idonsa ya yaba mata.

Da yamma ta aika aka kira ƙanin. Ya zaga gonar, ya dawo tsakar gida yana sosa ƙeya.

"Yaya, ai irin kamfani ba a maimaita shi. Sau ɗaya yake yi. Mu kanmu duk shekara sabo ake kawo mana."

"Don me ba ka faɗa ba?"

"Don ci na kawo miki! Ina na san binne shi za ki yi?"

Maigidan yana kan tabarma yana jin su. Inna ta jira faɗa, har ta fi son a yi faɗan. Amma sai ya yi ɗan murmushi.

"Kwantar da hankalinki. Bana ma lallaɓa da abin da ya samu, mu haɗa da wake. Baɗi sai mu koma irin Baba, shi bai taɓa ba mu kunya ba."



Ya dafa sanda ya miƙe. "Kai direba, ɗauko mini tsani. Bari in duba ko ƙwari sun taɓa shi."

Ƙanin ya dubi Inna. Ita ƙasa take kallo.