Leshin Inna a Kan Akwatin Baba

Ranar Juma'ar nan tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Ina gaban ɗalibai a makarantar da nake koyar da kwamfuta, can Sama Road, amma hankalina yana gida Ƙofar Kware. Baffa Ladan, yayan mahaifina, zai zo bayan la'asar ya yanke hukunci: ko Baba ya ci gaba da zama a gidansa, ko a kwashe shi zuwa ƙauye.

Wata takwas ke nan da Baba, Malam Hayatu mai shadda, ya samu shanyewar jiki. Yatsu biyu na hannun hagu kawai ke motsi sosai, magana kuma sai da ƙyar. Baffa ya dage wai ni ina aiki, Inna ita kaɗai ba za ta iya ba, a ƙauye kuwa hannuwa sun yi yawa. Duk sanda aka ambaci ƙauyen, sai Baba ya juya fuska bango. Ba ya so, kowa ya sani, amma wa ya tambaye shi?

Shi ya sa na haɗa masa na'ura. Tsohuwar kwamfutata ce a gefen gado, da maɓalli ƙato a ƙarƙashin yatsansa. Hotuna na zagayawa a allon: fanka, rediyo, fitila, ƙararrawa. In wanda yake so ya iso, sai ya danna. Kwamfutar ta aika saƙo ga wani ƙaramin akwati da na ɗora kan kabad, shi kuma ta ɗan idon da ke gabansa ya harba hasken nan da ba a gani, irin na rimot. Sati uku muna gwaji, Baba ya ƙware har yana kashe wa Inna fanka don tsokana.

Bayan la'asar na shigo gida a guje, muka yi kiciɓis da Baffa a zaure. Ɗakin Baba sai ƙamshin turaren wuta yake, an gyara shi fes. Inna Atika ai ba ta karɓar babban baƙo da ɗaki tsirara.

Aka gaisa, Baffa ya zauna ya ce, "To Balkisu, ina abin? Mu gani."

Na ce, "Baba, a kunna fanka."

Baba ya danna. Fanka ko gezau.

"Sake, Baba."

Ya sake. Shiru. Innalillahi! Zufa ta keto mini. Na durƙusa na zare waya na mayar, na kashe kwamfutar na kunna. Jiya-jiyan nan fa abin ya yi aiki! Baba yana ta gurnani yana ɗaga gira, ni kuwa ko kallonsa ban yi ba, sai cewa nake, "Yi haƙuri Baba, yanzu zan gyara."

Inna ta ce, "Ruwa shika so."

Baffa ya ce, "A'a, juya shi za a yi, ya gaji. Kin gani ko, Balkisu? Abin da nika hwaɗi ke nan. Mutum na buƙatar mutum, ba wanga tarkace ba. Jibi in aiko da mota."

Wallahi ji na yi kamar in fashe da kuka, in ɗauki kwamfutar in maka da ƙasa.

Sai ƙararrawa ta ɗauka. Ita daga cikin kwamfutar take kaɗawa, ba ruwanta da akwatin kan kabad. Baba ya danna, ya ƙara, ya ƙara, har kowa ya yi tsit. Muka zuba masa ido, abin da ya kamata mu yi tun farko. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Le... shi."

Na bi inda idonsa yake. Kai! Inna ta lulluɓe kan kabad da farin leshinta mai kauri, na manyan baƙi, har da ɗora kwalbar fure. Akwatina yana ƙarƙashi, idonsa a rufe ruf. Tun ina yarinya nake ganin leshin nan a kan kaya, shi ya sa ko lura ban yi ba.

"Haba Inna! Mi ya kai ki?"

"Yo in bar baƙin abu da wayoyi a gaban Yaya? Ni na san yana da ido?"

Na yaye leshin. Baba ya danna, fanka ta juya, iska ta kaɗa bakin rawanin Baffa. Ya kunna fitila, ya kashe. Kunya ta kama ni, don na yi wata takwas ina jin haushin masu magana a madadinsa, ga shi ni ma na yi.

Baffa ya gyara murya. "To, madalla. Amma duk da haka, ƙauye..."

Rediyo ta ɓarke da ƙara. Baffa ya yi shiru, Baba ya kashe.

"Ina cewa, can ƙauye..."

Rediyo ta sake ɓarkewa. Inna ta toshe baki da mayafi. Baba ya kashe, ya dubi yayansa ido cikin ido, ya tattara duk ƙarfinsa ya ce, "Yaya... nan."

Baffa ya daɗe yana kallonsa. Sai ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, ya kama yatsun nan biyu ya riƙe.

"Tun yana yaro haka yake, ba ya barin mutum ya ƙare magana. Na ji, Hayatu. Zauna gidanka."