Gidaɗo da Tankin Ruwa

Wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da sababbin babura suka fara yawa a Kebbe. An kwana ana yayyafi, gari ya waye da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ran nan Gidaɗo, ƙaramin malami a ofishin hakimi, ya hau bayan a-kori-kura ya nufi Tambuwal. Makarantar koyon aikin mulki da ke Sakkwato za ta ɗauki ɗalibai, an kuma ba ƙasar Kebbe gurbi ɗaya, in ɗanta ya ci jarrabawa. In bai ci ba, gurbin ya tafi wata ƙasa. Hakimi ya zaɓi Gidaɗo, shi kuwa ya bar geronsa yana tsiro, ba mai yi masa noma.

Mota tana tangaɗi cikin taɓo, shi kuwa a zuci yana can cikin wani ofis mai fanka a sama, labule yana kaɗawa a hankali, sunansa rubuce jikin ƙofa.

A Tambuwal, inda za a yi jarrabawar, ya sauka wurin taubashinsa Na'Allah, malamin firamare, wanda ya taɓa zama irin wannan jarrabawa.

"Maraba da manajan duniya," in ji Na'Allah. "Bawana, ina kab bar motar taka?"

"Tana Sakkwato ana wanke ta. Kai zan ɗauka direba, in ka yi ladabi."

Kullum da la'asar sukan shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya, Na'Allah ya ajiye agogonsa a tsakiya. Ya bayyana masa cewa akwai lissafi, akwai Turanci, akwai wasu zane-zane da ake so mutum ya gane wanda ya kamata ya biyo baya. Kowace tambaya da amsa fuɗu, a zaɓi ɗaya.

"Ba ilimi kaɗai suka biɗa ba," in ji shi. "So sukai su ga mutumin da za a jibge ma aiki ya san wanda zai fara da wanda zai bari. In tambaya ta ƙiya, ƙetare ta."

Gidaɗo ya ce to. Amma shi a zauren mahaifinsa, Malam Abdulkarimu, ya fara karatu tun kafin boko. A can ba a juya shafi sai layin da ake kai ya zauna a ƙirji. Ɗalibi yakan yi sati kan jimla ɗaya, ba wanda yake ganin ya makara. Malam yakan ce wuce magana ba a fahimce ta ba rashin ladabi ne, kamar ka wuce dattijo a hanya ba gaisuwa. Saboda haka ko a gwaji, da Gidaɗo ya haɗu da mai wuya sai ya zauna mata, fensir a baki.

"Mi kaka yi nan har yanzu?" Na'Allah yakan ce. "Surukarka ta? Gaishe ta ka wuce."

"Saura kaɗan ta buɗe."

"Agogon ga bai san kaɗan ba, ɗan Malam."

Da aka daɗe ana yi, Gidaɗo ya koyi ƙetarewa. Yana yi dai ransa ba daɗi, kamar wanda ya bar baƙo tsaye a ƙofar gida.

Ranar jarrabawa aka tara su a wani dogon aji mai rufin kwano. Mai tsaro, wani dogo da ya zo daga Sakkwato, ya raba takardu ya ce a fara. Tambayoyin farko suka zo wa Gidaɗo da sauƙi. Sai ta goma sha biyu: tankin ruwa, famfo ɗaya yana cika shi, wani yana zubarwa, an buɗe su tare, yaushe zai cika?

Ya gwada, amsarsa ba ta cikin fuɗun. Ya ɗaga fensir zai wuce. Daidai nan ruwa ya sauko, ya fara kaɗa kwanon a hankali, ajin ya yi duhu-duhu da sanyi irin na zauren Malam bayan asuba. Ya ce bari ya ƙara dubawa sau ɗaya.

Sai ga tankin a gabansa, fari, bisa ƙafafun ƙarfe, tsaye a bakin kasuwar Kebbe. Yana jin ruwa yana shiga ta sama, yana fita ta ƙasa, mata sun jera tuluna suna hira. Ya ga ruwan yana hawa kaɗan-kaɗan, ashe abin da ya rage tsakanin shiga da fita shi ne duk maganar. Ya bi ta sannu, ya koma farko, ya sake bi, kamar yadda ake maimaita layi gaban Malam. Ta buɗe. Wani daɗi ya ratsa shi har yatsun ƙafa. Ya cike gurbin amsar da kyau, ya hure ƙurar fensir.

"A ajiye fensir," in ji mai tsaro.

Na'Allah yana jiransa a baranda da lema. Ya dubi fuskarsa, ya ga fara'a, shi ma ya washe baki.

"Ka kai ƙarshe ke nan?"

"Akwai wata ta tanki," in ji Gidaɗo. "Na'Allah, da ka ga yadda tab buɗe."

Na'Allah ya matso da lemar ta rufe su duka biyu, suka gangara cikin ruwa.

Tambaya sittin ce a takardar. Gidaɗo ya amsa goma sha biyu, arba'in da takwas bai ko karanta su ba. Gurbin Kebbe ya tafi wata ƙasa. Geron damina ɗaya kuma ciyawa ta cinye.