Ruwan Motar Ejvind

"Na zuba," in ji Ejvind. Ya lumshe ido, ya sake buɗewa. "A'a, ban zuba ba. Asta, je ki duba mini."

Asta maƙwabciyarsu ce ta jikin shinge, miyar kaza kawai ta kawo, ko safar hannu ba ta cire ba. Ta dubi Grethe, matarsa, da ke zaune bakin gadon da aka sauko masa da shi falo. Grethe ta ce tun safe haka yake ta yi. Nas ta ce maganin ciwo ne ke juya shi, kuma wai mai shirin mutuwa da ma zancen tafiya yake yi.

Asta ba ta sayi wannan magana ba. Ta sha zaman jinya, kuma duk wanda ta raka bakin mutuwa, ko murhu yake tambaya ko kyanwa.

Ranar da ya faɗi, yana tsakiyar canza ruwan lagireton tsohuwar motarsa ne. Ya tsiyaye tsohon, ya wanke cikin da tataccen ruwan jarka, don bai taɓa yarda ruwan famfon garin ya shiga injinsa ba; ya ce a dubi farin ɓawon da yake bari a butar shayi. Abin da ba a sani ba, ko ya kai ga zuba maganin hana daskarewa. Rediyo kuma ta ce yau sanyi zai sauko da ƙarfi. In ruwa zalla ya ƙanƙare a ciki, injin ya tsage.

Asta ta fita ta ɗaga bonet, ta kwance murfin lagireto. Ruwan cike yake har wuya, garau kamar na sha. Ta kira Mogens, surukin su Grethe, a waya. Ya ce ta ƙara ruwan famfo, kowa haka yake yi. Ta ce ba ruwa ne ya gaza ba. Ya ce to ta zuba maganin a kai. Ta ce a ina, a aljihunta? Ya ce yana tuƙi.

A rumfa ta tarar da jarkoki biyu na maganin, ɗaya ruwan hoda, ɗaya shuɗi, kowacce an taɓa. Ta koma ta tambaya.

"Kada ki haɗa su," in ji Ejvind. "Rabi magani, rabi ruwan jarka. Ki tayar, ki bar shi har fankar injin ta juya."

"Wanne daga ciki, tsoho?"

"Wanda nake sawa mana. Ke da kika koyar da yaran gari duka."

"Faransanci na koyar, ba kanikanci ba."

Ya yi murmushi, ya kira ta da sunan ƙanwarsa.

Ta leƙa bahon tsohon ruwan da ya tsiyaye. Ya yi datti, amma da ta karkata shi wajen haske sai ta ga kamar da ja-ja a ciki. Kamar dai. Ta shimfiɗa kwali ta kwanta, da shekarunta da ciwon ƙugunta, ta laluba har ta sami abin tsiyaye ruwan, ta murɗe. Ruwan ya bi hannun rigarta har hammata. Ta ɗaure, ta auna rabi da rabi da kofin girki, ta ɗura, ta tayar da mota.

Tana goge hannu ta ga tagar falo ta buɗe, a wannan sanyi. Ta buɗa baki za ta yi wa Grethe faɗa, sai ta tuna don me ake buɗe taga a garinsu: don ran mamaci ya fita.

Ta shiga da takalmanta. Grethe ta riga ta rufe masa ido.

"Ruwan hodan na zuba," in ji Asta, ba ta san wa take gaya wa ba.

Ƙarar injin tana shigowa, har da ɗan hayaƙi. Asta ta ce bari ta je ta kashe.

"Fankar ta juya?" in ji Grethe.

"Ban ji ba."

"To zauna."

Suka zauna, labule yana motsi, ruwa yana ɗiga daga hannun rigar Asta a kan katakon ɗaki.