Kujera ta Uku

Bahago yana kakkaɓe ƙyallen aski ne lokacin da mutumin da ke farkon layi ya kawar da kai ya ce, "A'a, bari dai in jira Maigida."

Bencin jira cike yake maƙil. Maigida da abokin aikinsa sai gumi suke yi, injin aski yana kuka a hannunsu, gashi ya taru a ƙasa. Kujera ta uku kuwa, wadda ke bakin ƙofa, tun safe babu wanda ya ɗora mata mazaunai. Bahago ya goge madubinta har ya gaji da ganin fuskarsa a ciki.

Ba don bai iya ba ne. Da hannun hagun nan nasa ya aske kawunan da ba za su ƙirgu ba a gidan yari, inda faɗan ƙuruciya da fasasshiyar kwalba suka kai shi. Can ya koyi sana'ar, can kuma ya kwaso ɗabi'ar da ta tona masa asiri. Dokar wurin ita ce, da ka gama aski ka zare rezar, ka ɗora ta a tafin hannu, ka ɗaga sama gandiroba ya gani. Ranar da ya fara aiki a shagon nan, ya gama gyara wa wani gemu tsaf, sai hannun ya tashi da kansa, reza a kai, a gaban kowa. Wani mai sayar da taya, mutum mai baki kamar rediyo, ya tuntsire da dariya ya ce ya san inda ake yin haka. Kafin rana ta faɗi duk titin ya ji.

Jiya Maigida ya ja shi gefe. Ba mugun mutum ba ne, kuma yana jin nauyin yayar Bahago, wadda ta yi ta sintiri har ya ɗauke shi.

"Ni ban ƙi ka ba," in ji shi. "Amma kujera ba ado ba ce. In gobe ma haka ta wuni, sai dai in nemo wani."

Yau ce goben. Bahago ya faɗa wa mahaifiyarsa da safe tana goge masa riga, ta ce masa ya tafi, kada ya sunkuyar da kai. Mahaifinsa yana zaune a gefe yana ɗaura agogo, ko tari bai yi ba. Tsohon bai taɓa zuwa duba shi a gidan yari ba, kuma tun da ya dawo, amsa gaisuwa ce kaɗai ke haɗa su. Wannan shirun ya fi shekarun ɗaurin ci wa Bahago rai.

"Malam aski," in ji Mai Taya daga benci, "zo ka zauna mana, tsayuwar ta yi yawa. Ko jira kake a busa maka usur?"

Aka yi dariya. Bahago ya danne fushinsa. Ya rantse a ransa ba zai zauna ba, ba kuma zai ɗauki tsintsiya ya ɓuya a bayanta ba. In korarsa za a yi, a same shi tsaye a bayan kujerarsa.

Sai ƙofa ta buɗe, mahaifin Bahago ya shigo yana dogara sandarsa. Bai dubi benci ba, bai tambayi wa ke gaba ba. Ya zarce kujera ta uku ya zauna, kujerar ta yi ƙara, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sanƙo ne fes, yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, haɓar ma ko kwana biyu ba ta yi da aski ba.

"Baba," in ji Bahago ƙasa-ƙasa, "me ya kawo ka?"

"Me ke kawo mutum shagon aski? Ɗaura mini ƙyalle."

"Baba, ai babu abin askewa."

"Kai ne mai kan ko ni? Kuma ban son injin nan mai kuka. Reza za ka sa, sabuwa."

Mai Taya ya ce, "Tsoho, ka dai san hannun wa ka shiga?"

Tsohon ya dube shi ta cikin madubi. "Na san shi tun kafin ya san hagunsa da damansa. Kai fa, wa ya san ka?"

Maigida ya kashe injinsa. Tsohon ya kwantar da kai baya, ya miƙe maƙogwaro, ya rufe ido kamar mai shirin barci.

Bahago ya kaɗa kumfa ya shafa. Hannunsa na rawa, kuma ya san kowa yana gani. Bai taɓa kusantar fuskar nan haka ba tun yana yaro. Ta tsufa a bayan idonsa, fatar wuyan ta saki, ga jijiya tana bugawa daidai inda rezar za ta bi.

"In za ka yanka, ka yanka," in ji tsohon, ido a rufe. "In za ka aske, ka aske. Rawar ce ban so."

Dariya ta kusa ƙwace wa Bahago, rawar kuwa ta tsaya. Ya ja fatar da yatsu biyu, ya bi ta a hankali daga ƙarƙashin kunne zuwa haɓa, ya sauko maƙogwaro, ya koma ƙeya. Ya bi sanƙon ma, tunda mai shi ya ce a bi. Ya goge da tawul mai ɗumi, ko ƙwarzane babu.

Ya zare rezar. Kafin ya ankara, ga ta a tafinsa, hannun ya fara tashi. Tsohon ya cafke masa wuyan hannu, da ƙarfin da Bahago bai zaci ya rage masa ba.

"Wa kake nuna wa?" ya ce, yadda kowa zai ji. "Wanda ya ɗaure ka ya sake ka. Waɗannan ba su ɗaure ka ba, ba su kuma da mabuɗi. Jefa ta a kwando ka kira na gaba."

Bahago ya jefa ta. Ya kwance ƙyallen, ya kakkaɓe shi da ƙarfi, ya juyo ya fuskanci benci, yana duban su ɗaya bayan ɗaya.

"Na gaba!"

Babu wanda ya motsa. Mai Taya ya duƙufa kan wayarsa. Tsohon ya mayar da hularsa, amma maimakon ya nufi ƙofa, sai ya matsa wa kansa wuri a ƙarshen benci ya zauna.

"Baba, an gama naka ai," in ji Maigida.

"Na sani. Layi na sake bi. In babu mai tashi, ni ne na gaba."

Maigida ya dubi tsohon, ya dubi ɗan, ya kunna injinsa. Yana cikin aski ya yi magana, bai ko ɗago kai ba.

"Bahago, kujerar nan taka ƙara take yi. Gobe in za ka zo, ka taho da mai ka sa mata."