Hantar Gwadabe

…har yanzu a kashe. Wayarka a kashe, Gwadabe, tun jiya da azahar. Wane irin uba ne kai?

'Yarmu Hikima tana can bayan gilashi a asibiti, idanu sun yi ɗorawa shar, na kira sunanta ta kalli bango. Shekara shida. Ran Juma'a take min rigimar balila, dafaffen waken nan da ake sayarwa a bakin layinmu na unguwar Nuzla, yau Dakta Raed yana cewa hantarta ta daina aiki. Dashe, in ji shi. A yanko wani ɓangare na hantar mai rai a sa mata, ta mai bayarwar za ta sake tofowa. Na ce yalla, ga ni, yanka. Suka ɗebi jinina… wai bai dace da nata ba. Ni da na yi naƙudarta, wai bai dace ba. Sai likitan ya ce: "Ina babanta?" Ina babanta fa.

Haushinka nake ji. Ba kai ne mai cika baki a shagon ɗinkinku na unguwar Hindawiyya ba? Hikima jininka ce, kamar ka yi kaki ka ajiye. To ga ranar jinin ta zo. 'Yar tsoka ake nema, ba ranka ba. Likitan ma ya ce halas, shi ke nan, shi ba iƙama, takardar zaman ƙasa, yake tambaya ba, a kawo ka kawai, kwana ɗaya ko biyu ya rage mata — biyun ma ni na ƙara.

Tsoro. Tun da ka zo umara ka maƙale kake rayuwar ɓera, ka hango motar jawazat masu kama marasa takarda ka shige lungu. Har da dokarka: in sun shigo unguwa kame, in rataya jan zani a taga, kai kuma ka hango daga titi, ka kashe waya, ka ɓace sai ƙura ta lafa. Ko ni ba a faɗa min inda ake zuwa, wai kada a matsa min in tona. Jarumi ke nan.

To yau wa ya kore ka? Babu kame. Khairiyya maƙwabciyarmu ta je shagon, sun ce tun jiya ka tafi gida cin abinci ba ka koma ba. Gida? Ka tarar ba kowa, ba ka tambaya ba?

Wannan warin maganin… aman jiya da safe, baƙi ƙirin kamar guggubin gahawa, a filo, a wuyanta, na fizgo tsumma daga ƙusar bayan ƙofa na goge mata baki, na ɗauraye, na yarfa shi a taga kada ɗakin ya ɗauki wari — tasi, ina tasi, ta yi laushi a kafaɗata, na kira ka, ƙarar keken ɗinki ba ta barinka ji —

Ƙusar bayan ƙofa.

Ba tsumma ake ratayewa a nan ba. Jan zanin ne.

A'a. A'a, ni Rabi'a… Yana can. Tun jiya yana can a tagar, ja wur, yana ce maka kada ka zo. Kuma ka ji maganata. Sau ɗaya a rayuwarka ka ji maganata.

In tafi in cire shi, in bar ta? Ko na cire, yaushe za ka biyo titin ka duba? Ga nas tana yafito ni ta gilashin, da sauri take yafitowa…